LAKWAJA: ƘOFAR DA CINIKI DA MISHAN SUKA BIYO ZUWA ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin ƙasar Hausa ya san cewa a zamanin da fuskarmu arewa take kallo. Ta Hamada ne fatake ke kawo mana takarda da alharini da takubba daga Tarabulus da Gadamas, ta nan ne kuma ayarin Azbinawa ke gangarowa da gishirin Bilma kowace shekara. Mu Gobirawa ma tarihinmu ya nuna daga Azbin kakanninmu suka sauko. To amma abubuwa biyu da suka fi taɓa rayuwar ɗan Sabon Birni ko ɗan Isa a yau, wato rubutun boko da kuma iyakar da ta raba Gobir gida biyu, ba ta arewa suka zo mana ba. Ta kudu suka biyo, ta ruwa, kuma zangonsu na farko shi ne Lakwaja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne in bi sawun waɗannan abubuwa biyu tun daga ƙasarmu ta Gobir har zuwa wannan gari na bakin ruwa, wanda na ziyarta a lokacin hutu, in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ɗan kasuwa da ɗan mishan suka shigo cikin jirgi ɗaya, da yadda sarakunanmu suka yi ƙoƙarin karɓar ɗaya su bar ɗaya, da kuma abin da ya biyo baya.

Abin da Sarkin Musulmi Bello ya nema

Labarin bai fara a Lakwaja ba, a wajenmu ya fara. A shekarar 1824 wani Baturen Ingila mai suna Clapperton, wanda mutane suka sani da Abdullahi, ya taso daga Kano ya ratsa dajin Gundumi, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shekara 16 ke nan da cin Alkalawa a 1808, kuma Gobirawa ba su ajiye makamai ba, don haka sai da Bello ya aika da mahaya suka yi masa rakiya, aka ratsa dajin cikin gaggawa da ƙishirwa.

Bello bai karɓi baƙon nan da jahilci ba. Ya tambaye shi ko su wace ɗarika ce ta Nasara, har ya ambaci sunayen tsofaffin ƙungiyoyinsu, abin da ya sa Baturen ya rasa ta cewa sai dai ya amsa a taƙaice. Daga nan ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa, ya yarda a aiko masa da jakada da likita, a kuma buɗe tashar ciniki ta wajen kogi, don kaya su riƙa zuwa ba sai sun bi ta hannun Larabawan Hamada ba. Mai karatu ya lura da abin da aka nema: ciniki da magani. Ba a nemi mai wa'azi ba.

Clapperton ya dawo a 1826 ta hanyar Badagiri, ya tarar da Bello a bakin daga, ya kewaye Konya, mazaunin Sarkin Gobir a lokacin. Ya ga yaƙin da idonsa, ya kuma ga yadda rundunar Sakkwato ta janye ba tare da ta ci garin ba. Cikin tsarabar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da Linjila da Zabura, amma wanda ya fi faranta wa Bello rai shi ne littafin lissafi na Uƙlidis, domin gobara ta cinye nasu na gida. Sai dai a wannan karon zukata sun riga sun canja. An kai wa Bello labarin yadda mutanen Ingila suka shiga Indiya da kaɗan-kaɗan har suka mallake ta, ga shi kuma Baturen na ɗauke da saƙo zuwa ga Shehun Borno, wanda ake yaƙi da shi. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Baransa Lander ne ya koma ya bi Kwara cikin kwalekwale tare da ƙanensa a 1830, suka tabbatar wa Turai cewa kogin nan teku yake faɗawa. Tun daga ranar ƙofar kudu ta buɗe.

Kafuwar Lakwaja

A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku masu tafiya da tururi, da niyyar hana cinikin bayi, da kafa cinikin amfanin gona, da yaɗa addinin Kirista. Suka sayi fili a hannun Attan Igala a daidai mahaɗar kogunan biyu, suka buɗe gonar gwaji. Zazzaɓi ya far musu, ya kashe fiye da 40 cikin Turawa 145, saura suka gudu. A cikin tafiyar akwai 'yan mishan biyu da za mu sake haɗuwa da su, wato Schön, Bajamushe, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi aka rene shi a Saliyo.

Abin da ya karya lagon zazzaɓi shi ne kwinin. A 1854 Likita Baikie ya hau Binuwai da jirgi, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Ya sake zuwa a 1857, jirginsa ya daki dutse ya nutse a kusa da Jebba. Maimakon ya koma gida, sai ya nemi izni wurin Etsu Nupe Masaba, ya zauna a gindin dutsen Patti a wajejen 1860, ya tara 'yantattun bayi, ya buɗe kasuwa, ya zama shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne limamin 'yan tsirarun Kiristocin wurin. Mutanen Oworo suna kan dutsen tun kafin zuwansa, amma garin bakin ruwa daga nan ya tashi. Nufawa da Kakanda da Yarabawa da fataken Hausa suka yi ta sauka. Ana kawo hauren giwa da man kaɗe da manja, ana karɓar gishiri da yadi da wuri da bindiga da albarushi.

Abin sha'awa a nan shi ne Lakwaja da Sabon Birni kusan sa'o'in juna ne. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Wato a lokacin da kakanninmu ke haƙa ganuwa suna duban abokin gaba ta gabas da yamma, ana can ana kafa rumfunan kasuwar da za ta yanke wa jikokinsu hukunci. Ruwan gulbin Rima da ke wucewa ta gefen garinmu yakan bi ta Sakkwato da ƙasar Kabi ya faɗa Kwara, ya wuce ta gaban Lakwaja, amma babu wanda ya zaci wani abu zai hauro ta hanyar da ruwan ke gangarawa.

Shi Masaba ya san abin da yake yi. Bindiga da albarushi yake so, don haka ya ba baƙin kariya, ya kuma yi mu'amala ta mutunci da Crowther, wanda ya zama bishop a 1864 ya buɗe tashar mishan da makaranta a Lakwaja a 1865. Amma ya tsare su a bakin kogi. Coci a Lakwaja babu laifi, coci a cikin Bida kuwa babu hali. Wannan ita ce siyasar Bello, aka sake maimaita ta: a karɓi haja, a bar wa mai haja addininsa.

'Yan mishan da harshen Hausa

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. Tun a tafiyar 1841 Schön ya gane cewa Hausa ce harshen kasuwa a duk inda jirgi ya tsaya, kuma wanda ya iya ta ya sami mabuɗin arewa. Ya koye ta a bakin 'yantattun bayi Hausawa da ke Saliyo, ya buga jerin kalmomi a 1843, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Duk wannan aiki ya yi shi ne bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

To, a bakin wa ya ji Hausar? A nan sai mu sake komawa gida. A 1853 Baturen nan Barth, wato Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi ya sauka a Sansanin Isa, daga nan ya ratsa Gundumi, tafiyar sa'a 26 babu zango, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A cikin ayarinsa akwai yara biyu 'yantattun bayi, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Barth ya tafi da su Ingila a 1855, Schön ya ɗauke su gidansa. Yawancin labarai da tatsuniyoyin da ke cikin Magana Hausa daga bakin Dorugu aka rubuta su. Daga baya Dorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana taimaka wa makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Abbega kuwa an yi masa baftisma a Ingila, ya dawo ya koma Musulunci, har ya zama Maigarin Lakwaja a 1896. Ashe yaran nan biyu da suka kwana a ƙasar Isa suna ɗaure wa Bature kaya, ɗaya ya zama tushen rubutaccen zube na boko, ɗaya ya zama sarkin tashar jirgi.

Baikie shi ma bai zauna haka nan ba. Ya je Kano a 1862, ya kuma fassara Zabura da Hausa kafin ya rasu a Saliyo a 1864. A 1890 wasu samarin mishan, Brooke da John Robinson, suka sauka Lakwaja suka sa riga da rawani, suna cin tuwo, da fatan Hausawa za su saurare su. Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892, ba su kai ko'ina ba. Amma don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Landan, ta turo ɗan'uwansa Charles Robinson ya je Kano a 1894, ya tattara rubuce-rubucen ajami, ya yi ƙamus, ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila suka kai kansu Kano, Sarki Alu ya ba su kwanaki kaɗan su bar masa gari. Mila ya ƙare a Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa, kuma cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa ta fito a 1932.

Kada a ɗauka cewa su ne suka koya wa Bahaushe rubutu. Tun kafin Schön ya ji kalmar Hausa ta farko malaman jihadi, maza da mata, suna rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, kuma har gobe akwai tsofaffi a garuruwanmu da ba su rubuta wasiƙa sai da shi. Abin da 'yan mishan suka yi shi ne sun shirya wa gwamnatin da ke tafe wani rubutu na biyu. Da Turawan mulki suka zo suka tarar da nahawu da ƙamus a shirye, sai suka zaɓi boko ya zama rubutun ofis da makaranta. A fannin addini 'yan mishan ba su sami abin da suka zo nema a birane ba. A fannin harshe kuwa sun bar gadon da muke ci har yau, mu da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da wannan mujalla da ke hannunka.

Daga kanti zuwa tuta

Wanda sarakuna suka yi wa shinge, wato ɗan mishan, ba shi ne ya ci ƙasa ba. Wanda suka buɗe wa ƙofa ne ya ci ta. A 1879 Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin suka zama ɗaya, ya saye na Faransa a 1884, ya sami takardar iznin mulki daga gwamnatinsu a 1886, aka sami Kamfanin Neja mai kanti da kotu da soja. A 1885 wakilinsa Thomson ya je wurin Sarkin Musulmi Umaru ya ƙulla yarjejeniya, kamfani zai riƙa biyan buhunan wuri kowace shekara. A idon Sakkwato wannan gaisuwa ce ta baƙon ɗan kasuwa da aka ba izni. A Turai kuwa sai aka nuna takardar a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga hannun Ingila.

Da wannan takarda aka yi ciniki da Faransa. A 1890 aka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato na Ingila ne. Nan take tsohuwar rigimarmu ta zama abin muhawara a Landan da Faris: shin Gobir da Maraɗi suna bin Sakkwato ko ba su bi? A 1898 aka kafa tsinke a kan Sakkwato cikin taswira aka zagaya da'ira mai nisan mil 100. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanyar da babu rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka sake gyara layin a 1904 da 1906, aka bi shi da turaku. Tsibiri da Madawa da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Ba a tambayi Bagobiri ko ɗaya ba.

A tsakanin nan kamfani ya ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, Gwamna Lugga ya ɗaga ta Ingila. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sojan da suka yi wannan aiki kuwa da yawansu Hausawa ne.

Abin da na gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Lakwaja a yau ita ce hedikwatar Jihar Kogi tun 1991, kuma yawancinmu mun san ta ne a matsayin inda mota ke tsayawa a ci kifi a kan hanyar kudu. Tashar jirgin ta daɗe da mutuwa, domin tun da dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da fata suka bar kogi.

Na hau dutsen Patti na hangi kogunan biyu, kowanne da launin ruwansa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A cikin gari an nuna mini makarantar Holy Trinity ta zamanin Crowther, wadda mutanen garin ke alfahari da cewa ita ce makarantar boko ta farko a Arewa, da wasu ƙarafa da aka kafa, waɗanda aka ce bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Na shiga maƙabartar Turawa, na ga yawancin waɗanda ke kwance samari ne, sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwar Kabawa, inda kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suke. Nan Sarkin Kano Alu ya ƙare kwanakinsa a 1926, wato mutumin da ya kori Tugwell da Mila. Nan kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya rasu a 1924, wanda muke nazarin waƙoƙinsa a aji, waƙoƙin da ya rubuta da ajami mu kuma muke karanta su da boko. Tsakanin kabarin mai wa'azin Kirista da na sarkin da ya hana shi shiga gari tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. A unguwar ana jin Hausa ko'ina, kuma har yau sarautar garin Maigari ake kiran ta.

Misali daga Japan

Ba mu kaɗai ne muka gamu da wannan jarrabawa ba. 'Yan Fotugal sun isa Japan a 1543 da bindiga da haja, mai wa'azinsu ya biyo a 1549. Sarakunan bakin teku na Hirado da Nagasaki suka karɓe su saboda ciniki, dubban mutane suka shiga Kiristanci. Da mahukuntan ƙasar suka tsorata sai suka haramta addinin a 1614, suka kori 'yan Fotugal a 1639, suka tsare 'yan Holan a wani ɗan tsibiri a Nagasaki a 1641, su yi ciniki kawai ban da wa'azi. Haka aka zauna fiye da shekara 200, har jiragen yaƙin Amurka suka zo a 1853. An zubar da jinin Kiristocin ƙasar da yawa a kan haka, kuma ba abin yabo ba ne. Amma niyyar raba haja da addini iri ɗaya ce da ta Bello da Masaba. Bambancin shi ne a Japan tashar jirgi tana hannun masu ƙasa, su ke buɗewa su ke rufewa. Mu kuwa tashar tana can gefen daula, jirgi na baƙo, kanti na baƙo, har takardar yarjejeniya ma a hannun baƙo take, shi ke fassara ta.

Kammalawa

Wannan ba tsohon labari ne kawai ba. Layin da takardar kamfani ta haifa yana nan. Da rashin tsaro ya tsananta a yankinmu a 2019, dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa ƙasar Maraɗi, wurin dangin da suke auratayya da su tun kaka da kakanni, aka rubuta su a matsayin 'yan gudun hijira daga wata ƙasa. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, kasuwanninmu ne suka fara jin jiki. Kuma ɗan Tsibiri da ɗan Sabon Birni, masu zane iri ɗaya a fuska, ɗaya ya yi karatu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda biyu ce. Ta farko, mu san asalin kayan aikinmu. Boko ya zama namu, babu mai ƙwace shi, amma mu ba Dorugu matsayinsa a tarihin adabinmu, mu kuma koyi ajami sosai don mu karanta abin da kakanninmu suka faɗa da bakinsu, kada mu tsaya ga abin da baƙi suka rubuta a kansu. Ta biyu, ƙungiyarmu ta shirya ziyara zuwa Alkalawa da Tsibiri da Lakwaja idan hanya ta yi kyau, a ɗauki bayanan tsofaffi tun suna raye. Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya jiƙan magabatanmu, amin.